Mako Guda a Cikin Faranti: Abin da Masu Shanun Gaya da Ajingi Ya Kamata Su Sani Kafin Dashen Tayi Ya Iso

Wanda ya san kan shanu, idan ya shiga kara a kasuwar Wudil ranar Juma'a, ƙiba da sheƙin fata ba sa ruɗarsa. Zai buɗe bakin karsana ya duba haƙora, ya shafa hantsa, ya ɗaga kofato, sannan ya tsare dillali da tambaya: daga wane garke ta fito, uwarta mai nono ce, wane bijimi ne ubanta? Makiyaya da manoman Gaya da Ajingi, waɗanda Wudil ce babbar kasuwar shanunsu, a kan wannan lissafi na uwa da uba suka gina garkunansu na fararen Bunaji da jajayen Rahaji da ɗaiɗaikun Bokolo. Kyan ɗa ya gaji ubansa, in ji su, kuma lissafin bai ba su kunya ba.

Sai dai a 'yan shekaru talatin ɗin nan masu binciken haihuwar dabbobi da ta mutane sun ƙara abu na uku a kan uwa da uba, wato wurin da ɗan tayi ya yi makonsa na farko. Idan a cikin ɗan faranti ya yi shi a ɗakin gwaje-gwaje, to ruwan da aka zuba masa da iskar da aka ba shi da ɗumin da aka ajiye shi a ciki duk suna taɓa yadda ƙwayoyin gadonsa za su yi aiki. Gadon yana nan yadda iyaye suka bayar, ba ƙari ba ragi. Abin da ke sauyawa shi ne wace ƙwaya za ta tashi aiki, wacce za ta yi shiru, kuma da wane ƙarfi. Sau da yawa sakamakon ba ya bayyana sai ranar haihuwa, wani lokaci ma sai bayanta.

Wani zai ce ina ruwan mai shanu biyar a Kademi ko Toranke da farantin ɗakin gwaje-gwaje. Ruwansa yana tafe. Jihar Kano tana da cibiyoyin barbarar zamani a Kadawa da Makoɗa, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta tura matasa Turkiyya su koyo aikin, kuma shirin bunƙasa noma da kiwo na jihar, KSADP, mai kuɗi dala miliyan 95 daga Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da abokan hulɗarsa, ya sa inganta irin shanu cikin ayyukansa. A Shika ta Zariya, cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI ta daɗe tana haɗa Bunaji da Firisiyan don neman nono. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata guda ta kiwo. Duk ƙasar da ta bi wannan hanya, matakin da ke biye da barbarar zamani shi ne dashen tayi. Tun wajen 2017 tayin shanu da ake haɗawa a faranti ya zarce wanda ake wankowa daga mahaifar saniya, kuma yawansa ya haura miliyan guda a shekara. Barazil tana sahun gaba, da shanunta masu tozo irin namu, Nelore da Gir.

Daga kwata zuwa akwatin reno

Barbarar zamani ba ta fitar da komai daga jikin saniya. Ma'aikaci yana zuwa da tukunyar ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ya zaro ɗan tsinken roba mai maniyyin bijimi, ya tsoma shi a ruwan ɗumi kamar rabin minti, ya sa hannu ɗaya ta dubura ya kamo bakin mahaifa, ya zura ƙarfen barbara da ɗaya hannun. Daga nan jikin saniya ne zai yi sauran aikin.

Dashen tayi wani abu ne dabam. Ana ɗebo ƙwayayen saniya, ko dai daga ma'ajiyar ƙwan shanun da aka yanka a kwata, ko a tsotso su da allura daga jikin saniya mai rai ana kallo ta na'urar hoton ciki. A bar su su nuna kamar kwana guda, a zuba musu maniyyi, sannan a rene su kwana bakwai kafin a dasa tayin a mahaifar wata saniya da aka daidaita lokacinta da allurai. Ita wannan saniya riƙo kawai za ta yi. Maraƙin ba jininta ba ne. Ta haka saniya guda mai daraja za ta iya samar da maruƙa da yawa a shekara ba tare da ta ɗauki ciki ko ɗaya ba.

Farantin da ake magana bai kai tafin hannu ba. A cikinsa an ɗiga ruwan reno ɗigo-ɗigo, an lulluɓe ɗigon da wani mai marar launi don kada ruwan ya ƙafe gishirinsa ya yi yawa. Tayin da ke cikin ɗigon bai wuce kashi ɗaya cikin shida ko bakwai na milimita ba, sai da madubin ƙara girma ake aiki da shi, kuma shi kansa teburin madubin ana ɗumama shi. Mai aikin yana ɗaukar tayin da ɗan siririn bututun gilashi ko roba, ya mayar da farantin cikin akwatin reno da sauri, domin duk buɗe ƙofar akwatin yana zubar da ɗumi da iskar da aka tara, kuma sai an ɗauki mintuna kafin su dawo daidai. Akwatin shanu yana kan digiri 38.5, na mutane 37. Iskar kabon tana kan kashi 5 ko 6 cikin ɗari don tsamin ruwan ya tsaya inda ake so. Ma'aikatan irin wannan ɗaki ba sa shafa turare, ba a fenti kusa da su, ba a barin hayaƙin janareto ya bi iska ya shigo, saboda tururin waɗannan abubuwa yana narkewa cikin man da ruwan.

Me ya sa wannan mako ya fi sauran makonni haɗari? Bayan haɗuwar ƙwai da maniyyi, ƙwayar halitta guda ce take rabewa biyu, huɗu, takwas. A kwanakin farko tayi yana rayuwa ne da abin da uwa ta tanada cikin ƙwai, ƙwayoyin gadonsa suna kwance. Sai daga baya suke farkawa su karɓi ragama: a ɓera tun yana ƙwaya biyu, a mutum tsakanin huɗu da takwas, wajen kwana na uku, a saniya tsakanin takwas da goma sha shida. A daidai waɗannan kwanaki ne kuma ake wani babban gyara. Akwai wata 'yar alama ta sinadari, metil, da take maƙalewa a jikin DNA, kuma galibi inda ta zauna ƙwayar gadon wurin takan yi shiru. Bayan ɗaukar ciki ana goge yawancin waɗannan alamomi a sake sa su sabo. Amma akwai wani rukuni kaɗan, wajen ɗari zuwa ɗari biyu cikin ƙwayoyin gado kusan 20,000, da dole alamarsu ta tsira daga gogewar, domin ita ce ke nuna wannan daga uwa ya zo, wannan daga uba, kuma ɗaya kaɗai ne zai yi aiki. A 1984 Azim Surani a Kambirij ta Ingila, da Davor Solter da James McGrath a Amurka, suka nuna cewa tayin ɓera da aka haɗa da gadon uwa biyu ko na uba biyu ba ya kaiwa haihuwa. Da yawa daga cikin wannan rukuni aikinsu girman tayi ne da na mabiyiya. IGF2, wadda ta wajen uba ce ke aiki, tana ingiza girma. IGF2R, wadda a ɓera da tumaki da shanu ta wajen uwa ce ke aiki, tana taka masa birki.

Manoman rani na Kadawa sun san irin wannan a gonakinsu: tumatirin da ya sha wuya a wurin reno, ko an dasa shi a ƙasa mai taki ya samu ruwa, wahalar nan takan biyo shi har ranar tsinka.

Maruƙan da suka fi ƙarfin iyayensu

Masana sun daɗe da sanin cewa jikin dabba ya fi farantinsu iya reno. A farkon shekarun 1960 masu bincike a Kambirij suka so aika tayin tumaki Afirka ta Kudu, sai suka zuba shi cikin bututun ƙwan zomaye masu rai, aka sa zomayen a jirgin sama, can aka ciro tayin aka dasa wa tumakin ƙasar, suka haihu lafiya. Tayin shanu kuwa, in aka sa shi a ruwan reno na wancan zamani, yakan tsaya cak a ƙwaya takwas zuwa goma sha shida, daidai inda ƙwayoyin gadonsa ya kamata su farka. A 1972 wasu masu bincike, Tervit da Whittingham da Rowson, suka haɗa wani ruwa da suka kwaikwayo daga ruwan bututun ƙwan tunkiya, suka kuma rage iskar oksijin, aka samu ci gaba. Maraƙin farko da aka haɗa ƙwansa da maniyyi a faranti an haife shi a 1981, a hannun Benjamin Brackett na Jami'ar Pensilbaniya.

Don tayi ya tsallake wancan tsaiko, sai aka koma zuba masa tsararren ruwan jini na dabba cikin ruwan reno, ko a rene shi tare da wasu ƙwayoyin halitta na jiki. Tayi ya yi kyau a madubi, ya kai kwana bakwai, kowa ya yi murna. Sai a shekarun 1990 rahotanni suka fara fitowa daga gonaki: wasu 'yan tumaki da maruƙan da aka samu ta wannan hanya suna zuwa da girman da ya wuce misali, wani har ninki biyu na yadda aka saba. Ciki yakan wuce lokacinsa, ruwa ya taru a mahaifa, a haifi maraƙi da ƙaton harshe, da ƙabar cibiya, da hanta da zuciya da suka yi girma, ya kasa numfashi sosai, ya kasa kama nono. Da yawa sai an yi wa uwar fiɗa, da yawa kuma ba sa kwana. A 2001 Lorraine Young da abokan aikinta na Cibiyar Roslin ta Sikotlan, inda aka samar da tunkiyar nan Dolly, suka nuna cewa a irin waɗannan 'yan tumaki alamar metil ta ɓace daga kan IGF2R, aikinta ya ragu ƙwarai. Birkin girma ya saki tun tayi yana cikin ɗigon ruwa, amma ba a gani ba sai bayan watanni.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya dubi garkenmu. Saniyar Bunaji ba babba ba ce, kuma maraƙinta yakan zo da kilo 20 da 'yan kai. Maraƙin Holstin na yau da kullum yana kai kilo 40. A dasa wa Bunaji tayin irin waje, sannan a ce farantin ya ƙara masa girma, naƙuda ta kama ta da tsakar dare a wata ruga ta ƙasar Ajingi cikin damina, hanya ta yanke, likitan dabbobi yana Gaya ko Wudil. Abin da makiyayi ya sani shi ne ya wanke hannu, ya shafa sabulu ko mai, ya laluba ƙafafun gaba ya ɗaura igiya, mutum biyu ko uku su ja daidai da nishin saniya. Wannan dabara tana fitar da maraƙin da ya karkace. Ba ta fitar da wanda ƙugunsa ya fi ƙugun uwar faɗi. Ƙarshenta a kira mahauci da asuba, a yi asarar uwa da ɗa, kuma ga mai shanu biyar wannan ba ƙaramar karaya ba ce. Shi ba zai taɓa sanin cewa matsalar ta faro ne daga wata kwalbar ruwa a wani gari ba. Zai ce irin ne bai karɓi ƙasarmu ba.

Gaskiya ne cewa da aka rage ruwan jini a ruwan reno, ko aka cire shi, matsalar ta ragu sosai, kuma yawancin maruƙan dashe a yau lafiyarsu ƙalau. Amma ba ta ƙare ba, har yanzu ana samunta jefi-jefi. Kuma ruwan jini yana da araha, yana sa tayi ya yi yawa a faranti. Ɗakin da ake biyansa bisa yawan tayin da ya fitar, ba bisa lafiyar maraƙin da aka haifa ba, yana da dalilin da zai sa ya ƙi barinsa.

Ruwa, iska da wutar lantarki

Gwaji a kan ɓeraye ne ya fi fito da abin fili. A 2000 masu bincike a Jami'ar Pensilbaniya, ƙarƙashin Marisa Bartolomei da Richard Schultz, suka rene tayin ɓeraye a ruwa kala biyu. A ɗaya, ƙwayar gado mai suna H19, wadda ta wajen uba ya kamata ta yi shiru, sai ta tashi aiki. A ɗayan, wanda aka ƙara wa sinadaran gina jiki, ta zauna kusan yadda take a jikin uwa. A 2004 Paolo Rinaudo da Schultz suka auna dubban ƙwayoyin gado a lokaci guda, suka samu 114 sun kauce a ruwa na farko, 29 a na biyu. Ko ruwan da ya fi kyau bai kamo jikin uwa ba.

Iska ma haka. Wadda muke shaƙa tana da oksijin kusan kashi 21 cikin ɗari, amma a bututun ƙwai da mahaifa tsakanin 2 ne da 8. Shekaru da dama ɗakunan gwaje-gwaje suna renon tayi a iskar ɗaki saboda ta fi sauƙi, alhali yawan oksijin yana haifar da sinadaran da ke cin jikin ƙwayar halitta, yana kuma karkatar da aikin ƙwayoyin gado masu yawa. Yanzu ƙa'idar da masana suka fi yarda da ita kashi 5 ce, kuma saukar da oksijin zuwa nan yana buƙatar tukwanen iskar naitirojin da ba sa yankewa. David Gardner da Michelle Lane kuma sun nuna cewa sinadaran gina jiki da ke cikin ruwan reno, in suka daɗe a ɗumi, suna rikiɗewa su saki amoniya, wadda ke cutar da tayi. Saboda haka ruwan yana da wa'adi, yana son firji tun daga masana'anta har ranar amfani.

Duk wanda ya zauna a Kano ya san abin da waɗannan sharuɗɗa suke nufi. Ruwan reno daga waje ake sayo shi da dala, ya sauka a Legas ko Abuja, ya jira kwastan. Wuta tana ɗaukewa ba sallama, kuma 'yan mintunan da ke tsakanin ɗaukewarta da tashin janareto su ma lissafi ne ga akwatin da ba shi da batir. Ƙurar hunturu tana cika matatar iska cikin 'yan makonni. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfinmu. Sola da batir da matata da kula suna maganinsu. Abin tsoron shi ne tayin da ya sha irin wannan wuya ba lallai ya mutu ba. Yana iya rayuwa, ya yi kyau a madubi, a dasa shi.

Zafin bazara da ƙwan Bunaji

Akwai wani ɓangare na binciken da ya fi kowanne kusa da mu. A watan Afrilu zafin rana a gabashin Kano yana taɓa digiri 40, ciyawa ta ƙare, shanu suna bin karan gero da ɗan abin da ya rage na harawa. Peter Hansen na Jami'ar Filorida ya shafe shekaru yana nazarin abin da zafi ke yi wa tayin shanu. A wani gwaji da aka buga a 1993, an bar shanun Holstin cikin zafi a kwana na ɗaya, ko na uku, ko na biyar, ko na bakwai bayan barbara. Zafin kwana na ɗaya ya lalata tayi da yawa, na sauran kwanakin bai yi wannan ɓarna ba. Tun tayi bai farkar da ƙwayoyin gadonsa ba, ba shi da cikakkiyar hanyar kare kansa; da ya farkar da su sai ya fara ƙera sinadaran da ke tsare shi daga zafi.

Wannan ne ya sa dashen tayi yake da amfani na gaske a ƙasa mai zafi: tayin ya yi kwanakinsa mafi rauni a akwati mai daidaitaccen ɗumi, sai ya yi ƙwari a kai shi jikin saniya. A Filorida an ga ɗaukar ciki ya ƙaru a lokacin zafi ta wannan hanya. Ba na cikin masu cewa a guje wa fasahar.

Amma ɗaliban Hansen sun gano wani abu kuma. Da suka ɗora tayin Brahman, saniya mai tozo, da na Holstin da Angus a digiri 41 na 'yan sa'o'i, na Brahman ya fi jurewa. Wato juriyar zafi ba a fata da gumi da tozo kaɗai take ba, tana cikin tayi tun yana 'yan ƙwayoyi. Wani gwajin nasu na 2002 ya nuna juriyar ta fi bin ƙwan uwa fiye da maniyyin uba. Idan aka yi wa Bunaji barbarar zamani da maniyyin Firisiyan, ƙwan nata ne. Idan aka sayo daskararren tayin Holstin daga Turai aka dasa mata, babu komai nata a cikinsa, kuma 'yar da za a haifa ita ce za ta fuskanci bazarar Gaya da ƙwan da aka gina don sanyin Holan. A ganina, kafin a kashe kuɗin jama'a kan shigo da tayi, tambayar juriyar zafin tayi ta cancanci a yi ta a kan Bunaji da Rahaji da Bokolo, a Shika da Jami'ar Bayero da Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, wadda garkunan nan suke bakin ƙofarta. Barazil ba ta watsar da shanunta masu tozo ba. Da Gir ɗinta ta haɗa Holstin ta fitar da Girolando, wadda ke ba ta mafi yawan nononta.

Ba shanu kaɗai ba

A Gaya da Ajingi, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, rashin haihuwa ciwo ne da mace ta fi ɗaukar nauyinsa, ko da matsalar daga mijin take. Masu hali sukan sayar da gona ko shanu su nufi Kano, Abuja, Legas, wasu har Misira ko Indiya, neman dashen ƙwai, wanda asibitoci ke kira IVF. An haifi Louise Brown ta wannan hanya ranar 25 ga Yuli, 1978 a Ingila, kuma a Abuja an haifi jaririya ta hannun Dakta Ibrahim Wada a asibitin Nisa a Fabrairun 1998. Tun 1980 hukumar fatawa ta Misira ta halatta aikin muddin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma aure yana nan. Yaran da aka samu ta haka a duniya sun haura miliyan 10, kuma mafi yawansu lafiya lau suke. Wannan ya kamata ya zauna a zuciyar duk wanda ke shirin tafiya.

Duk da haka, farantin mutum ma faranti ne. A 2010 John Dumoulin na Maastricht a Holan ya lura cewa nauyin jarirai a asibitinsu ya bambanta gwargwadon ruwan renon da aka yi amfani da shi. Aka shirya gwaji na ƙa'ida a asibitoci da dama na ƙasar, aka raba ma'aurata ta hanyar ƙuri'a tsakanin ruwa kala biyu, sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna bambancin giram 158 a nauyin haihuwa. Kwana biyu ko uku a ruwa dabam, ga shi ya fito a sikeli bayan wata tara. Abin da ya ƙara tayar da hankalin masana shi ne kamfanonin da ke sayar da ruwan ba sa bayyana cikakken ma'aunin abin da ke ciki, suna cewa sirrin kasuwanci ne.

Akwai kuma wata lalura mai suna Beckwith-Wiedemann, inda jariri ke zuwa da girma fiye da kima, da babban harshe da matsalar cibiya. Tana samun kamar ɗaya cikin jarirai fiye da 10,000. A 2003 rahotanni daga Amurka da Ingila da Faransa suka nuna ta fi yawa a cikin yaran dashe, ko da yake a cikinsu ma ba kasafai ake ganinta ba, kuma masana suna ganin shi kansa dalilin rashin haihuwar yana da hannu. Rocío Rivera ta Jami'ar Mizuri ta nuna a 2013 cewa manyan maruƙan nan da waɗannan jarirai suna da kama, a jiki da kuma a alamomin ƙwayoyin gadon da suka kauce. Ma'auratan da za su biya miliyoyin naira suna da haƙƙin su tambayi asibiti a wane ma'aunin oksijin yake reno, me ke riƙe akwatin in wuta ta ɗauke, kuma yana bibiyar yaran da aka haifa ko a'a. Asibitin kirki ba zai ji haushin tambayar ba.

Jikin uwa ma wurin reno ne, kuma shi ma yana sauyawa da abin da ta ci. A yankin Kiang ta Yamma a Gambiya, inda cibiyar binciken lafiya ta MRC take da tasha a ƙauyen Keneba, mutane suna rayuwa irin tamu: damina lokacin aiki ne da ƙarancin hatsi, kaka lokacin wadata. Binciken da Robert Waterland da Andrew Prentice da Paula Dominguez-Salas suka buga a 2010 da 2014 ya nuna yaran da aka ɗauki cikinsu a tsakiyar damina suna da alamar metil fiye da na rani a wasu keɓaɓɓun wurare na DNA, kuma bambancin yana tafiya da sinadaran abinci da aka auna a jinin iyayensu mata a lokacin ɗaukar cikin. A Holan ma, waɗanda aka ɗauki cikinsu a yunwar 1944 zuwa 1945 an same su bayan shekara sittin da ƙarancin alamar a kan IGF2 idan aka gwada da 'yan uwansu na ciki ɗaya. Matar da ke noma a Ajingi cikin watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, ba ta ma san tana da ciki ba a makon da ake sa waɗannan alamomi a jikin ɗanta. Awon ciki a wurinmu yakan fara ne a wata na huɗu ko na biyar. Shi ya sa likitoci ke cewa ƙwayar folik asid da abinci mai kyau tun kafin ciki ya shiga ake fara su, kuma wannan magana ce da ta kamata ta isa kunnen amare da mazajensu, ba masu zuwa awo kaɗai ba.

Wa zai auna maraƙin?

Abin da ya tona asirin ruwan jini ba wata babbar na'ura ba ce da farko. Mutane ne suka auna 'yan tumaki ranar haihuwa, suka rubuta, suka koma suka duba a wane ruwa aka rene kowanne. A nan ne nake ganin rauninmu. Shirye-shiryen gwamnati sukan ƙirga shanun da aka yi wa barbara, a yi taro a faɗi adadi, amma labarin abin da aka haifa yakan tsaya a ruga. Makiyayi kuwa yana da wannan labari a kansa dalla-dalla: ya san wace saniya ta wuce watanninta, wacce ta sha wuyar naƙuda, wane maraƙi ya ƙi tashi ya kama nono. Ba a tambayarsa ne.

Idan dashen tayi zai shigo masarautar Gaya, ya kamata kowane tayi ya zo da takardarsa: irin uwa da uba, ɗakin da ya haɗa shi, ruwan da aka rene shi a ciki, da ko akwai ruwan jini. A zaɓi shanun riƙo daga manyan da suka taɓa haihuwa lafiya, a bar karsana. A daidaita dashen yadda haihuwa za ta faɗo lokacin da hanya take biyuwa kuma akwai abinci, a kuma sanar da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma makon da ake sa rai. Kafin mai saniya ya yarda a taɓa dabbarsa, a faɗa masa da Hausa ko Fulatanci wa zai ɗauki asara in ta mutu wajen haihuwa. Awon kansa ba ya buƙatar komai sai sikelin rataye da buhu da igiya da reshen bishiya, sannan malamin ya tura lambar kunnen uwar da nauyin maraƙin da kwanan wata ta waya zuwa ɗakin da tayin ya fito, a ranar.